Kunkurun Malam Ba Zai Shiga Gilashi Ba

Shin Malam ya yafe wa ɗan ƙaninsa kafin ya cika, ko da abin ya tafi? Tun ranar da aka kai shi makwancinsa ake yi mini wannan tambaya, wasu da baki, wasu da ido. Ban sani ba. Na zauna da mutumin nan tun ƙuruciya har kaina ya zama auduga, ina gane tarinsa a cikin tarin maza goma, amma wannan ɗaya ta gagare ni. Nawa dai na sani: ni ban yafe ba.

Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Autata ce zaune a gabana da biro, ita ma malama ce kamar ubanta. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sa wa maganata sukari. Ina cikin takaba, ba ni da ikon taka ƙofar gida, shi ya sa nake aika bakina inda ƙafata ba za ta je ba.

A kwanakin zaman makoki gidanmu na Gumel ya cika har bakin titi. Malam ya koyar da kimiyya a makarantun ƙasar nan har ya yi ritaya, don haka yawancin masu zuwa tsofaffin ɗalibansa ne, wasu har da furfura. Wani mai gyaran waya a kasuwar Maigatari ya durƙusa daga bakin ƙofar ɗakina ya ce, "Inna, ya haƙuri?" Sai kuka ya ci ƙarfinsa, ni na koma ina ba shi haƙuri. Wata ungozoma daga Gagarawa ta ce fitilar da take karɓar haihuwa da ita a ƙauye, ita ke gyara abarta, kuma a zaurenmu ta koya. Wani Bafulatani daga rugar da ke bayan Ɗanzomo ya ajiye ƙwaryar nono ya ce, "Sau ɗaya ya gyara mini rediyo. Na biyu ya ƙi, ya ce in zauna in buɗe da hannuna. Ranar na ji haushinsa." Muka yi dariya cikin hawaye, don kowa ya san halin.

Sai ga motoci. Ɗan ƙanin Malam ne, wanda yanzu ake ce wa Injiniya, da buhunan shinkafa da jama'arsa. Kukansa ya fi na kowa ƙara. Matan da ke gefena suna cewa, "Allah sarki, ɗa na gari." Na juya fuskata ga bango. Yayar Malam, tsohuwar da ta rage musu, ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke, ɗanki ne ke gaishe ki."

Na ce, "Na ji shi, Yaya. Kunnena ƙalau."

Bari in faɗi wane ne Malam tukuna, sannan a gane abin da aka yi masa.

Mutum ne da ba ya iya ganin abu a rufe. Rediyon da aka kawo ni da shi bai yi mako a gidan ba na tarar da hanjinsa a kan tabarma. Na ɗora hannu a ka. Ya ce, "Kwantar da hankalinki, so nake in ga inda mai labarai yake zama." Ya mayar, noti biyu suka yi saura, kuma daga ranar rediyon ba ya kama tasha sai an jingina shi da randa. Ban gode masa ba, har yau ma ban gode ba. Agogon bango, tocila, keken ɗinkin maƙwabciya, babu wanda ya tsira. Maganarsa ɗaya ce, har yara na kwaikwayonsa da ita: "Abin da ba a kwancewa, ba a koyonsa." Yana da taurin kai, kuma yana da baki. In ɗalibi ya haddace amsa bai gane ba sai ya ce, "Aku ma ya iya wannan, kuma shi ba a ɗinka masa kayan makaranta." In yana liƙe waya da dalma yakan yi wani ɗan gunguni ta hanci, waƙar da ba ta da kai ba ta da gindi. Shekaru ina ce masa ya rufa mana asiri. Yanzu da hantsi nakan tsinci kaina ina kasa kunne wajen zaure.

Ƙaninsa ya rasu a hatsarin babbar mota a hanyar Maigatari, ya bar yaro ƙarami. Uwar ta koma gidansu, daga baya ta yi aure. Aka kawo mana shi da 'yan tufafinsa a leda. Yaron ya daina magana. Na dama masa fura, na yi masa waƙa, na goya shi duk da ya wuce goyo, ko uffan. Wata safiya Malam ya zaunar da shi a zaure, ya ajiye masa mataccen rediyo, ya danƙa masa sukundirebarsa mai ƙotar itace, wadda ko 'ya'yan cikinsa bai yarda su taɓa ba. Bai ce masa komai ba. Wajen azahar muka ji 'yar murya daga zaure: "Baffa, wannan jan kuma na mene ne?" Malam ya shigo cikin gida ya laɓe bayan rumbu yana share ido da hularsa, yana tsammani ban gan shi ba. Wannan yaron shi ne Injiniya. Rubuta shi da kyau, auta. Da tuwona ya yi ƙashi.

Bayan ritaya Malam ya mai da zaure makaranta. Asabar da Lahadi yara maza da mata ke cika shi, ba ya karɓar komai a hannun kowa. A nan aka haifi Kunkuru. Mutum-mutumi ne, irin wanda yara ke ce wa robot, amma ba shi da kamar mutum. Tayoyinsa na motar wasan yara ne, injin da ke juya su daga cikin tsohon rediyo mai kaset aka ciro, batirinsa na fitilar sola, sai wani ɗan koren allo kamar kwalin ashana wanda Malam ke ce wa ƙwaƙwalwa. Bayansa kuwa langata ce mai jan fure, ta cikin kayan jerena. Na neme ta na rasa, sai wata rana na gan ta tana tafiya da kanta a tsakar gida, an huda ta wuri huɗu.

Na ce, "Malam, langata!"

Ya ce, "Shekara nawa tana zaune a kabad ba ta je ko'ina ba? Yau ga ta tana zumunci."

Na ɗauke masa magana. Ana cikin haka na shanya gero, kaji suka sauko masa, sai ga Kunkuru ya nufo su yana kaɗa gwangwani. Suka watse har da zakaran. Na ce, "To, ya zauna, amma ba da yawuna ba." In ya ga bango sai ya juya, in aka tafa sai ya tsaya. Duk sababbin yaran da suka zo, aikinsu na farko su kwance shi kaf su mayar. Ya mutu ya tashi a zauren nan ba adadi.

Bara aka ce wata ƙungiya ta kawo tallafi don a koya wa yara harkar robot a makarantun Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Aka kafa kwamiti ya zaɓi irin kayan da za a saya da manhajar da za a bi, wato me za a fara koyarwa, me zai biyo baya. Aka sa Malam a ciki. Tun haihuwar jikanmu na fari ban ga farin ciki irin wannan a fuskarsa ba. Ya hau acaɓa, a shekarunsa, ya zaga makarantun ɗaya bayan ɗaya. Yakan dawo ya zauna kusa da ni ina tankaɗe yana ba ni labari: waɗannan ba su da wuta, waɗancan iska ta yaye rufin ajinsu, can kuma sai an hau tudu ake samun sabis. Ya ce, "Kafin ka zaɓa wa mutum takalmi, ka ga ƙafarsa, ka ga hanyar da yake bi."

Abin da ya tsara, don yawan maimaitawa har ni na haddace. Zangon farko batir da waya da ƙwan fitila kawai, har yaro ya san inda wuta ke bi. Sannan inji mai juyawa. Sannan ido mai ganin bango. Sai a ƙarshe ƙwaƙwalwa, a koya masa yadda ake ba ta umarni, a yi bayani da Hausa tukuna kafin Turanci. Kayan duk irin waɗanda in sun ƙone za a samu madadinsu a rumfar masu gyaran waya ranar kasuwa. Kuma kowane yaro ya ƙera abin da gidansu ke bukata, ko mai korar tsuntsu daga gero, ko mai yin ƙara in tankin ruwa ya cika.

Ashe Injiniya ma yana da nasa, ya shiga neman kwangilar kawo kayan. Ya zo gidan nan da kwali, ya fito da wani farin robot mai sheƙi, idanunsa shuɗaye. Ya shafa wata faffaɗar waya, abin ya yi rawa, ya yi gaisuwa da Turanci. Gaskiya ya yi kyau, har na ce masha Allah. Malam ma ya ce, "Wanda ya ƙera wannan ya san aikinsa." Sai ya kifa shi, ya laluba aljihu ya zaro sukundireba.

"A'a, Baffa! Ba a buɗewa. In aka buɗe garanti ya tashi."

"To yaro fa, me zai yi da shi?"

"Zai danna, ya bi darasin da ke cikin wayar. Komai an tsara shi daga can."

"In ya faɗi ya karye?"

"Sai a mayar kamfani."

"Daga Sule Tankarkar?" Malam ya yi dariya. "Ɗana, a makarantar da ke da wuta da sabis wannan zai yi amfani, ban musa ba. Amma namu yaran kallo kawai za su yi. Kai da kanka, kallon rediyo ne ya buɗe maka baki?"

Injiniya ya mayar da abinsa kwali ya ce, "Baffa, duniya ta wuce zamanin gwangwani." Ko ruwan da na kawo masa bai sha ba.

Ranar da kwamiti zai yanke shawara, da sassafe sai ga shi ya dawo da fara'a. "Baffa, kada ka wahala da kaya a kan acaɓa. Kawo Kunkuru in sa a bayan mota, kai ka biyo in ka shirya." Da hannuna na naɗe shi a zane na miƙa masa. Da hannuna. Kafin nan kuwa Kunkuru ya zaga tsakar gida lafiya lau, a kan idona.

Malam ya dawo da la'asar, Kunkuru a hammata. Na ce, "Yaya?" Ya ce, "An zaɓi nasu." Ya nemi ruwan alwala. Bai ƙara ko kalma a kan zaman ba har ya koma ga Allah.

Sai a zaman makoki na ji sauran, daga bakin amininsa, tsohon hedimasta na Ɗanzomo, wanda shi ma yana cikin kwamitin. Ya ce farin robot ya yi rawarsa aka tafa. Da aka zo kan Malam, ya ajiye Kunkuru ya kunna, shiru. Ya ɗaga langar ya ga wayoyi biyu a tsinke. Bai ruɗe ba. Ya ce wa jama'a, "Madalla, ga darasin ya kawo kansa. Ku ɗan ba ni lokaci ku ga yadda ɗan aji ɗaya zai gano ciwon." Ya durƙusa a ƙasa, tsoho da shi, yana laluben tabarau. Sai Injiniya ya miƙe ya ce, "Ranku ya daɗe, a yi wa Baffa uzuri, girma ne. Amma ba gyaran rediyo muka zo kallo ba. Yaranmu ba 'yan bola ba ne." Ɗakin ya fashe da dariya. Shugaban zaman ya ce lokaci ya ƙure. Malam yana durƙushe aka ɗaga hannuwa.

Na tambayi hedimasta, "Tsinkewa suka yi, ko tsinke su aka yi?"

Ya ce, "Hajiya, ni dai na ga bakin wayar. Girgizar mota ba ta yanka a miƙe."

Allah ya isa. Rubuta shi sau biyu, auta. Allah ya isa.

Aka raba fararen robot ɗin a makarantu. Kowane hedimasta an gaya masa in ɗaya ya lalace a wuyansa yake, to wa zai ba yaro? Aka kulle su a sito. Sai in baƙi za su zo a fito da su a goge, a jera yara a ɗauki hoto. An ce a wata makaranta ta wajen Gagarawa tun da cajin da suka zo da shi ya ƙare ba su ƙara motsi ba. Jikar maƙwabciyarmu ta shigo da murna ta ce, "Malam, yau mun ga robot!" Ya ce, "Kin taɓa?" Ta ce, "An ce mu sa hannu a baya." Ya daɗe yana kallon ƙasa.

Na yi ta jira ya yi faɗa, mutumin da ke faɗa a kan gishirin miya. Bai yi ba. Ya gyara Kunkuru, ya ci gaba da buɗe zaure, amma gungunin nan na hanci ya ɗauke. Cin abinci ya ragu, hawan jini ya tashi. Ko ban san abin da aka yi a zaman ba, na ga yaron ya ɗauke ƙafa daga gidan. In na zage shi sai Malam ya ce, "Bari." In na ce, "To ka yafe masa ne?" sai ya ce, "Miƙo mini buta." Likita ya ce jini ne. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ba na ja da hukuncin Ubangiji. Amma na san ranar da mijina ya fara mutuwa, kuma na san hannun da ya riƙe almakashi.

Bayan sadakar bakwai Injiniya ya dawo, ya zauna daga bayan labulen ɗakina. Ya ce za a buɗe babban ɗakin robot, za a sa masa sunan Malam, da hotonsa a bango, a rubuta cewa burinsa ne ya cika. Daga nan za a kai kashi na biyu na fararen zuwa sauran makarantu. Kuma yana so a ba shi Kunkuru. Har an yi masa akwatin gilashi mai makulli, za a ajiye shi a bakin ƙofa don tarihi. Bikin kuwa an sa shi kafin in fita takaba.

Yaya ta ce, "Kin gani? So yake ya wanke laifinsa. Ki bar shi, a rufa wa zumunci asiri."

Na ce, "Yaya, da ransa ya ce wa ƙaninki ɗan bola. Yanzu da ba ya iya musu zai ɗauki sunansa ya yi talla da shi. Kuma abin da aka yi don a kwance, shi zai sa wa kwaɗo?"

Na ce masa ya dawo ran Lahadi da yamma.

Dama Malam ya bar mini saƙo a kan Kunkuru, ina ta jan ƙafa, don shi kaɗai ne abin mijina da ya rage yana motsi a gidan. Ranar na daina jan ƙafa. Na sa auta ta aika wa yaran da ke zuwa zaure, da tsofaffin ɗaliban da yanzu ke koyarwa a ƙauyuka. Ran Asabar aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka ajiye Kunkuru a tsakiya. Na tafa, ya tsaya. Na ce, "Ku kwance." Suka zuba mini ido.

Wata yarinya ta ce, "Inna, in muka kasa mayarwa fa?"

Na ce, "Ba mayarwa za ku yi ba. Kowa zai tafi da abin da ya ciro, ya nemo sauran, ya ƙera nasa."

Ina kallo suka bi shi noti bayan noti, ina hawaye, ban hana ba. Tayoyin sun tafi Maigatari. Idon yana Gagarawa, injin yana Ɗanzomo. Ƙwaƙwalwar kuwa, wata malama ta Sule Tankarkar ce ta ƙulle ta a bakin mayafinta don 'yan ajinta. Na ce musu kada su yi gaggawa, batir da waya da ƙwan fitila tukuna, haka mai shi ya ce. Ranar ce na fara cin abinci har na ƙoshi tun da aka yi rasuwar.

Ran Lahadi ya zo, mutum biyu na biye da shi ɗauke da akwatin gilashi. Na turo masa langa ta ƙarƙashin labule, da hudarta huɗu, babu komai a ciki.

"Inna, ina sauran?"

"Sun tafi makaranta."

"Haba Inna! Na riga na faɗa wa manya. Kowa ya san za a nuna shi."

"Sai ka koma ka ce musu tsohuwa ta ba 'yan bola. Langar ma gani kawai na ba ka. Tawa ce, da ita aka kawo ni gidan nan."

Can ya ce, "Inna, ki yafe mini."

Na ce, "Wanda ka bari a durƙushe gaban mutane yana maƙabarta, ka san hanya. Nawa kuwa, na goyo da na tuwo, na ajiye sai gaban Allah."

Sannan na ɗaga labule, na miƙa masa sukundirebar nan mai ƙotar itace. Ban so ba, wallahi ban so ba. Amma saƙo ne, kuma ba a cin saƙon mamaci. Ya karɓa yana juya ta. Ban san me ya gani ba. Na dai ga babban mutum da babbar riga ya zame ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ba irin kukan ranar makoki ba ne, wannan ba shi da ƙara. Na saki labulena.

Ban sani ba ko za a yi bikin. Ba ni da ikon riƙe hannun mai fenti in zai rubuta suna a bango. Amma auta za ta sa wannan magana a waya ta zaga wurin malamai da iyayen yara kafin ranar. Duk wanda ya ga sunan Malam a saman ɗakin da ake ce wa yara su sa hannu a baya, ya sani ƙarya ake yi wa mamaci. Bai zaɓi wannan ba. Ya yaƙe shi har a durƙushe. Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya buɗe masa duk abin da ya rufu gare shi a duniya.

Ga auta ta ajiye biro tana cewa ai sukundirebar yafiya ce, ubanta kiran yaron yake ya dawo gida. Ni kuwa na ce gori ne, tuna masa yake da ranar da aka buɗe masa baki. Mun yi musu, babu wadda ta kayar da 'yar'uwarta. Ɗauki bironki. Ga yadda aka yi, kowa ya auna.

Safiyar Asabar ce, ta ƙarshe a rayuwar Malam, na kawo masa koko. Ɓarin jikinsa ya riga ya shanye, magana sai da ƙyar. Muka ji hayaniyar yara a ƙofar zaure suna jira a buɗe. Ya kama bakin zanena da hannun da ya rage masa, na sunkuya. Daga wannan bai ƙara ce mini komai ba, sai shahadar da liman ya ga leɓensa na yi. Ya ce:

"In yaran nan sun zo, ki ba su Kunkuru su kwance, kada ki ce za su ɓata. Shi ma in ya zo, ki miƙa masa sukundireba."